Tafintan Kokawa

Babanmu bai taɓa kayar da kowa ba a rayuwarsa. Ko kaza ce ta kuɓuce a tsakar gida, daga bakin ƙofa yake tsayawa yana ba da shawara, Mama ce ke kamowa. Amma idan kokawar ta baki ce, ban ga mai ja da shi ba daga layinmu har tsallaken titi. Shekara da shekaru ya yi yana fassara wa mutane kokawar Turawa da ake nunawa a talabijin, har sunan da aka raɗa masa ya ɓace, yara da manya kowa sai Tafinta. Ni ce babbar 'yarsa, kuma an ce bakinsa na gado, saboda haka mai karatu ya gyara zama.

Aikin da yake ciyar da mu da shi duba rubutu ne a wata maɗaba'a. Ɗakinsa ɗan tsukuku ne a bayan injina, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tarkacen takarda, da taga wadda ba ta buɗuwa, sai jan biro a bayan kunne. Da biron yake dawowa gida, wani lokaci har wanka sai Mama ta tuna masa ya cire. A wannan ɗaki ya gamu da ƙamus ɗinsa. Wani ne ya kawo a sake masa bango, bai ƙara waiwayowa ba. Ƙato ne, in ka ɗaga shi sai ka yi nishi, kuma irin wanda ba ya tsayawa a ma'ana kaɗai, sai ya gaya maka daga inda kalma ta taso da hanyar da ta biyo. In an tashi hutun rana abokan aikinsa su fita shan iska, shi kuwa ya buɗe ƙamus. Kuma duk kalmomin da ke cikin littafin nan, ba waɗanda ya liƙe wa sai na kamawa da murɗewa da kayarwa. Mutumin da ko murfin kwalba sai ya miƙo mana mu buɗe masa.

Dalilin haka yana zaune a ƙarshen layinmu. Shi ne yayansa, wanda muke kira Baba Babba. Ɗan dako ne a rumbun ajiyar kaya tun yana saurayi, da yamma kuma ɗan kokawa a zauren wasanni na gari, inda ake shimfiɗa katifu alƙali na hura usur. Gajere ne, faɗinsa ya kusa tsawonsa, ba ka gane inda wuya ya ƙare kai ya fara. Ba ya yawan magana, in ya ce maka “to” ka ci riba. An sha cinye shi da maki, shi da kansa yake faɗa, amma akwai abu ɗaya da ya tsufa yana taƙama da shi: ba a haifi wanda ya raba ƙafafunsa biyu da ƙasa ba. A wajensa mutum bai faɗi ba sai an cicciɓe shi. In an ɗaga ka sama ka zama buhu, shi kuwa ya san buhu, da su yake wuni.

Suna ƙanana Baba ya matsa wa yayan nasa sai ya koya masa. Yayan ya kama shi sau ɗaya ya ajiye shi a ƙasa, a hankali ma in ji shi, sai ga hannun Baba ya karye. Kakarmu, wadda suke kira Inna, ta ɗaure hannun ƙaramin, ta juya kan babban ta ce, “Daga yau kada hannunka ya sake sauka a jikin yaron nan. Ko da wasa ban yarda ba.” Inna ta rasu tun kafin a haife ni, amma maganarta tana nan daram. Na tashi ban taɓa ganin Baba Babba ya dafa kafaɗar ƙanensa ba. Ko gaisawa za su yi, kan yatsu yake miƙa masa ya janye, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Mu yara dariya abin yake ba mu. Sai da na girma na gane cewa Baba bai taɓa haƙura da kokawa ba, hanya kawai ya sake.

Filinsa shi ne shagon mai aski da ke bakin titi. Mai askin ya kafa talabijin a kan wani katako can kusa da silin, ya jera benci. Ranar da ba a zuwa aiki, tun rana ba ta yi sanyi ba shagon yake cika, har a ƙofa ana leƙe. Masu sharhin wasan kuwa Turanci suke zubawa kamar ana kora su, ba mai tsintar komai sai ihunsu. Sai a juya wa Baba kujerar aski ta kalli talabijin, ya hau, ya gyara tabarau. Mai neman aski a wannan lokaci a benci ake yi masa, ko ya dawo gobe. Ni shagon ɗinkina bango ɗaya ya raba mu, saboda haka duk abin da zan faɗa kunnena ya ji. Kalmomin kuma zan rubuta su yadda suke fita a bakinmu, wanda ya san Turanci ya gane abinsa.

Matsalar Baba ita ce ba ya iya wuce kalma bai tsaya ya gaishe ta ba. Ana tsaka da wasa, ƙato ya sunkuci ƙato zai maka da ƙasa, mutane sun miƙe tsaye, sai ka ji ya ɗaga yatsa.

“Kun ji abin da ya ce? Girafil.”

“Tafinta, don Allah bari a kayar da shi tukuna,” in ji mai shayi.

“Ai zai faɗi, ko na yi magana ko na yi shiru. Girafil asalinta ƙugiya ce. Ƙugiyar ƙarfe mai yatsu, da igiya a jikinta, wadda 'yan jirgin ruwa ke jefawa su maƙalo wani jirgin su jawo shi kusa. A wajen Faransawa aka aro ta. To ku saurari na ban mamakin. Inabin nan da ake sayarwa a bakin kasuwa, wanda suke ce wa giref, tushensu ɗaya da ita, don da 'yar ƙugiya ake tsinko shi. Wato abin da ƙattin nan suke yi da inabi 'yan uwan juna ne.”

Kafin ya gama an kaɗa ƙararrawa, an shiga talla.

“To wa ya ci?”

“Mai jan wandon, ina jin. Amma dai kun gane maganar inabin?”

Haka suke shan shi, suna ƙorafi suna dawowa. A bakinsa unguwa ta ji cewa resilin ɗin da kowa ke faɗa daga tsohuwar kalmar murɗawa ta fito, irin murɗawar da kake yi wa abu in za ka ƙwace shi a hannun wani. A bakinsa 'yan ƙwallo suka ji cewa takil ɗinsu tun asali igiyoyi ne da kayan ɗaga kaya na jirgin ruwa. Ranar da ya zo kan kilinci, wato rungumar da 'yan wasa ke yi su manne da juna, ya ce ba zai yi bayani da baki kawai ba. Ya aika aka aro masa guduma da ƙusa da katako biyu a wajen kafinta. Ya ce asalin kalmar shi ne ka buga ƙusa ta huda katako biyu, sannan ka lanƙwasa tsininta ta baya don kada su rabu. Ya ɗaga guduma, ya sauke ta a kan babban yatsansa. Kafintan ne ya ƙarasa darasin, Baba yana tsotsar yatsa yana gyaɗa kai. Da ɗana ya shiga jami'a na sa shi ya duba min waɗannan maganganu a wayarsa, don ni na ɗauka rabi ƙirƙira ce. Ya ce kakansa bai ƙara gishiri ko kaɗan ba.

A gida ma ba mu tsira ba. In ni da ƙanwata muka cakumi juna a kan ɗankwali, ba ya raba mu sai ya tantance irin faɗan.

“Malam, raba su mana, ka yi fassarar daga baya,” in ji Mama.

“Wannan ba resilin ba ce, babu ƙa'ida, babu alƙali. Tasil ce. Ja-in-ja da yamutsa gashi, faɗan yara.”

Kuma yana da haushin yadda Turawa ke wasa da kalmomin. Yakan ce mutum yana zaune a kujera mai laushi da kofin shayi a hannu, ko zufa bai yi ba, amma ya ce yana girafil da matsala, ko yana resilin da zuciyarsa. Mama ta ce, “Ai sun sami ɗan uwa.”

Baba Babba ba ya fashin zuwa shagon. A bencin ƙarshe yake zama, ya harɗe hannu, yana kallon talabijin kamar an kawo masa ruɓaɓɓen kaya. In an tambaye shi ra'ayinsa, ya ce, “Rawa ce.” Shi kaɗai ne ba ya kiran Baba da Tafinta, Ƙamus yake ce masa. Wata rana bayan dogon bayani a kan wani riƙo, ya ce daga can bencinsa, “Ƙamus, kai ka san sunansu. Ni na san nauyinsu.” Shago ya ɗauki dariya, Baba ya ce, “Yaya, ai kowa da rabonsa.” Amma ranar da wani baƙo ya ce a sauke wannan tsohon mai surutu a bar mutane su yi kallo, Baba Babba juyowa kawai ya yi ya kalle shi. Baƙon ya tuna yana da uzuri a wani wuri.

Haka suka tsufa, ɗaya a kujerar aski, ɗaya a bencin ƙarshe, har safiyar da aka tarar da Baba Babba a kwance a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Matarsa ta jima da rasuwa. Ɗansa ɗaya, yayanmu, direban babbar mota ne a wani gari mai nisa. Ya taso hankali a tashe, aka yi jinya a asibiti, aka sallamo su. Aka kwantar da shi a ɗakinsa, a kan gadon ƙarfensa, a ƙarƙashin hotonsa na samartaka da wani kofi da ya yi tsatsa. Magana ta koma masa da ƙyar, kalma ɗaya sai ya yi ta jan ta.

Aka samo mai gashin ƙashi, wata mata mai kuzari da ba ta ɓoye magana. Ta duba shi ta ce ƙafar dama da hannun dama lafiyarsu ƙalau, na hagun ma akwai sauran rai. Amma dole ya riƙa tashi daga gadon nan, ya tsaya, ya zauna a kujera. In ya ci gaba da kwanciya bayansa zai yi gyambo, ƙirjinsa ya cika, kuma ba za ta yi mana ƙarya ba, irin wannan kwanciya ba a daɗewa a cikinta.

To a nan aka yi ta ta ƙare, don Baba Babba ya ƙi ɗaguwa. Yayanmu ya zagaya ta baya ya zura hannu a hammatarsa, wani maƙwabci ya kama ƙafafu, suka yi nishi, suka yi zufa, kamar an haɗa shi da gadon da walda. Aka ƙaro majiya ƙarfi daga rumbun da ya yi aiki. Ɗaya ya fita yana riƙe da haɓa, wai gwiwar hannun tsohon ce ta same shi bisa kuskure. Kowa ya ce nauyin ciwo ne, jiki ya mutu shi ya sa. Shi kuwa in an gama ya juya fuska bango, ba ya kallon kowa. Bayansa ya fara ja.

Yayanmu ya tara mu a tsakar gida. Ya ce a garin da yake aiki akwai gidan jinya mai inji, ana zura wa majiyyaci majanyi a ƙarƙashi, a danna maɓalli, injin ya ɗaga shi sama ya ajiye a kujera. In wata ya ƙare ba a ga canji ba, zai zo da mota ya tafi da shi. Ba wanda ya ga laifinsa, uba ne nasa, kuma yana ganin yana narkewa a gabansa. Amma na kalli fuskar Baba a lokacin, na ga tsoro. Ya ce a hankali, “In aka rataya Yaya a majanyi ƙafafunsa suna lilo, a ranar zai mutu, ko da numfashi bai bar shi ba.”

Sai ya yi abin da ya iya. Kullum ya ɗauki ƙamus ya tafi, ya ja kujera bakin gado, ya yi ta zuba: jiragen ruwa, ƙugiyoyi, inabi. Yayansa yana kallon bango. Ni da nake kai zannuwan gado wankakku, raina ya fara ɓaci. Mama ce ta faɗi abin da ke bakina. Ta ce, “Malam, surutu ba ya tayar da mara lafiya. In ba ka da abin yi, ka bar bawan Allah ya huta.” Washegari ya ɗauki ƙamus ɗinsa ya koma.

Ana dab da ƙarshen wata yayanmu ya dawo da motar. Ya ce a gwada sau ɗaya na ƙarshe. Muna ɗakin, ni da Mama da mai gashin ƙashi, Baba yana bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa in ana aikin ƙarfi. Aka jingina Baba Babba ya zauna a bakin gado, yayanmu ya hau gadon ta baya ya rungumo ƙirjinsa. Sai na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Sabo ne, ba ya iya ganin mutum biyu sun kama juna bai yi sharhi ba.

“Ya zo masa ta baya. Ya sauke ƙugu. Ya maƙale ƙafar dama a ƙafar gado. Ya matse hammata, ya hana riƙo shiga. Ya tura kai baya...”

Sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Sake shi,” ya ce wa yayanmu.

“Baba Ƙarami, ai dole ne...”

“Na ce ka sake shi. Ba ciwo ne ya hana shi tashi ba. Kokawa yake yi da ku, kuma tun da aka fara shi ke cinye ku.”

Muka kalli ƙafar dama. Ga ta nan kuwa a naɗe da ƙarfen gado, jijiyoyi sun tashi. Duk zuwan da nake yi ban taɓa kallon ƙasa ba, fuskarsa nake kallo ina jin tausayi. Mai gashin ƙashi ta dafa goshi ta ce, “Ba wanda ya gaya min ɗan kokawa ne.” Mama ta nuna mata hoton da ke bango.

Baba ya miƙo min tabarau da jan biro. Ya tuɓe riga ya ba Mama. Ya tsaya daga shi sai singileti, haƙarƙari a waje, hannuwa kamar na tsintsiya. Wallahi da ba don halin da ake ciki ba da na yi dariya. Ya zagayo ta gaba, ya tsaya daidai fuskar yayansa, ya buɗe ƙafa, ya rusuna, irin tsayuwar da ya yi shekaru yana kwatantawa daga kujerar aski. Ya bubbuga kafaɗarsa ta hagu.

“Yaya, ba ɗaga ka zan yi ba. Ka san ko kujera ba na iya ɗagawa. Kai za ka kama ni.”

Baba Babba ya kalle shi, ya kalli kafaɗar. Hannun dama ya motsa a kan cinya, ya koma. Bakinsa ya yi ta aiki kafin kalmar ta fito.

“Inna.”

Tsohon da jikokinsa suka fara aure, amma yana nan riƙe da maganar da aka gaya masa yana yaro.

“Na sani,” in ji Baba. “Inna ta hana ka ne don kada ka karya ni. To yau in ka bari aka sa ka a motar nan, ka karya ni karayar da ba mai ɗorawa. Ni kaɗai za ka bari a layin nan, ga shi ba wanda ke jure surutuna sai kai. Kama ni, Yaya. In mun haɗu da ita ni zan yi bayani, ka san ba ta iya ja da bakina.”

Na ga hannun ya taso a hankali. Ya sauka a tsakanin wuyan Baba da kafaɗa, yatsun suka nutse. Baba ya yi wata 'yar ƙara, amma bai ja da baya ba. Goshinsu ya haɗu. Mai gashin ƙashi ba ta jira an ce mata komai ba, ta durƙusa ta tokare gwiwar hagu da tata gwiwar. Ƙafar dama ta saki ƙarfen gado ta dafe ƙasa. Baba Babba ya ja ƙanensa kamar zai shigar da shi cikin ƙirjinsa, Baba ya turje iya ƙarfinsa, wanda ba shi da yawa, sai kawai muka ga tsohon yana tasowa. Ba wanda ya ɗaga shi. Ya miƙe a kan ƙafafunsa, yana huci a kunnen Baba, suna rawa su biyu kamar za su kife. Yayanmu yana durƙushe a kan gado yana hawaye bai sani ba. Ni ma kukan nake, ina riƙe da biro.

Da a nan aka tsaya da labarin ya yi kyau. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Suna tsaye, sai na ga ƙugun Baba Babba ya ɗan juya, ya saki nauyinsa gefe guda. Kafin mu ankara Baba yana kwance rigingine a kan katifa, yayansa a kansa. Mai gashin ƙashi ta yi salati. Sai muka ji wani sauti yana fitowa daga ƙirjin Baba Babba, muka ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce, ta farko tun da ya kwanta. Ya ɗago kai da ƙyar ya kalli ƙanensa.

“Ƙamus. Fassara.”

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Numfashi ma da ƙyar yake samu. Mama ta ce, “Yau dai na ga abin da ya rufe bakin mahaifinku. Da na sani da tuni na roƙi Yaya.”

Motar ta koma babu kowa a bayanta. Daga ranar kullum da safe Baba yake tafiya ƙarshen layi, ya rataye riga a ƙusar bayan ƙofa, ya rusuna. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bakin ƙofa, daga baya har shagon mai aski, Baba a gaba yana tafiya da baya, yayansa riƙe da wuyansa, yara na binsu. Ba wanda Baba Babba ya yarda ya kama sai shi. Yayanmu ya gwada, ƙato ne, ya fi dacewa, amma tsohon ya ce, “Babu daɗi.” In ya ji ƙarfi a jikinsa kuma sai ya kayar da Baba a kan katifa, don kada ya manta. Baba ya dawo gida yana ɗingishi yana murmushi, ya ce wa Mama yau da taɗiya aka kayar da shi.

Sharhinsa ma ya canja. In 'yan wasa suka manne da juna a talabijin mutane suka fara tsaki wai ana ɓata lokaci, sai ya ce, “Ku bar su. Ba ku san abin da ake ciki a wurin nan ba. Kowa a jikin ɗan uwansa yake hutawa, in ɗaya ya saki duka za su zube.” Daga bencin ƙarshe sai a ji, “To.” Maganar ƙusa da katako kuwa bai daina ba, sai dai bai sake neman guduma ba.

Sun sami shekaru a haka, fiye da yadda mai gashin ƙashi ta zata. Wurin da yatsun ke sauka a kafaɗar Baba bai taɓa warkewa ba, kafin shatin jiya ya dushe na yau ya hau kai. Ya zama wani tabo mai duhu, yatsu huɗu ta baya, babba ta gaba. Mama ta yi mita har ta gaji.

Baba Babba ya rasu wata rana da hantsi, a zaune a kujerarsa, bayan sun yi tashin safe, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan kwanaki na shiga gida na tarar da Baba zaune da singileti, ƙamus a rufe a gefensa. Na ga shatin ya fara canja launi, gefensa yana dushewa. Na ɗauko man zafi a jakata na ce, “Baba, kawo in shafa maka, yanzu dai zai samu ya warke.”

Ya sa tafin hannu ya rufe wurin.

“Bar shi,” ya ce. “Da kansa zai tafi, ba sai an kore shi ba.”

Na mayar da man cikin jaka. Mama ta gaya min cewa har shatin ya gama ɓacewa, kullum da safe sai ya tsaya gaban madubinta ya ja wuyan singileti ya duba.